Kafin ka sayi rauta mai ƙaho takwas

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi wa masu karatu bayani a kan rauta, wato 'yar akwatin nan mai raba waifai a gida. Sana'armu ke nan, jan waya da haɗa intanet a gidaje da shaguna a cikin Kano, kuma kusan kullum tambaya ɗaya ake yi mana: wace rauta ce ta fi gudu? Matashi mai buga gem ne ke tambaya, ko maigidan da hoto ke tsaya masa yana ta juyi ana tsakiyar ƙwallo, ko wanda ya gaji da sayen data maƙwabta suna sha. Mafi yawansu sun riga sun hango wata baƙa mai ƙaho takwas da jar fitila a Farm Centre ko Beirut Road, so suke kawai mu ce musu su saya.

Gaskiyar magana, a galibin gidajen nan an bar jaki ne ana dukan taiki. Rauta ba ta haifar da intanet, abin da layi ya kawo shi take rabawa. In layinka megabit 15 yake kawowa da dare, rautar da aka rubuta wa 6,000 a jikin kwali megabit 15 ɗin nan za ta raba maka, ko ɗaya ba za ta ƙara ba. Saboda haka daga layi ake farawa.

Hanya uku ce intanet ke shiga gida a Kano: rauta mai cin layin waya na 4G ko 5G, wayar faiba a unguwannin da ta isa, sai Starlink ta tauraron ɗan'adam da ta shigo Najeriya a Janairun 2023. In faiba ta zo unguwarku ita ce a gaba, domin ba ta cika canza hali tsakanin safe da dare ba kamar sabis ɗin waya. Amma yawancin jama'a layin waya suke sakawa, kuma a nan ne ake yawan tafka asara. Kamfanonin ƙasar nan suna amfani da zango, wato mitar da sigina ke bi, lamba 3 da 7 da 20 da 28 a 4G, a takardar na'ura za ka ga an rubuta B3, B7, B20, B28. Shi kuwa 5G ɗin da MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, yana kan n78 ne, wato megahaz 3,500. Rautar hannu da aka kawo daga Amurka sau da yawa ba ta da wasu daga cikin waɗannan, musamman B20 da B28, su ne kuwa ƙananan zangon da suka fi ratsa bango. Sai ka ga ta kama sabis a tsakar gida, da an shiga ɗaki ta sake shi. A duba kuma ajinta. Wadda aka rubuta wa Cat 4 zango ɗaya take kamawa a lokaci guda, iyakarta megabit 150 a takarda. Cat 6 zuwa sama tana haɗa zango biyu ko fiye, shi ya sa ta fi riƙewa in hasumiya ta cika da jama'a. Sannan ka tambaya ko an kulle ta da layin kamfani ɗaya, don ranar da sabis ɗin wannan kamfani ya yi rauni a unguwarku, ba ka da mafita.

Kada ka yarda da sandunan sabis da ke fuskar na'ura. Shiga shafin saitinta, yawanci ta hanyar rubuta 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 a burauza, ka nemi lambobi biyu. RSRP shi ne ƙarfin siginar: -80 zuwa -90 mai kyau ne, -100 a lallaɓa, in ya wuce -110 to sai haƙuri. SINR kuma tsaftarta ce, in ya haura 13 ka dace, in ya gaza 5 hayaniya ta yi yawa ko da sanduna sun cika. Ka riƙa yawo da rautar daga taga zuwa taga kana kallon lambobin nan. Matsar da ita taku uku kawai yakan ninka gudu. In babu inda ta yi kyau a ciki, sai eriyar waje a kan sanda, amma wayarta ta zama gajera, domin doguwar wayar eriya tana cinye abin da eriyar ta samo. Gwajin kamfani kuma tsakanin ƙarfe 8 da 11 na dare ake yin sa, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau, da layin kowane kamfani a waya, a cikin ɗakin da za a yi amfani. Gwajin ƙarfe 10 na safe yaudarar kai ne.

Yanzu ga 'yan gem, waɗanda su aka fi cuta da talla. Wasan intanet ba ya cin gudu. Megabit 3 zuwa 5 sun ishe shi, datar da yake ci a awa ɗaya ma ba ta kai ta kallon bidiyo ba. Abin da yake buƙata shi ne amsa ta dawo da wuri, wato lambar nan da kuke gani a gefen allo an rubuta ping, mu kuma mu ce jinkiri. Ana auna shi da milisakan, ɗaya bisa dubu na sakan. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, kuma babu injiniyan da ya isa ya ƙara masa sauri. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Daga Legas zuwa Fotugal ta wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku kilomita 7,000. Zuwa da dawowa 16,000 ke nan, wato milisakan 80, tun kafin a lissafa ragowar tafiya zuwa Jamus ko Ingila inda sabar wasan take, wato babbar kwamfutar da ke gudanar da shi, da tsaye-tsayen da saƙo ke yi a hanya. Don haka in kana buga wasa a sabar Turai kana ganin 120 ko 140, ba laifin rautarka ba ne, nisa ne. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma har harkar banki ta riƙa tsayawa, ya san cewa intanet ɗinmu ta ruwa yake bi. Abin da ya rage maka a nan shi ne ka gwada sabobin da wasan ya bayar, Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu, ka zauna a wadda lambarta ta fi ƙanƙanta.

To me rauta za ta iya gyarawa? Layin jira. Ga yadda abin yake a gida. An idar da sallar isha, yaro na soro yana buga ƙwallo a PlayStation, jinkiri na kan 130, wasa na tafiya lafiya. A cikin gida Hajiya ta buɗe WhatsApp za ta tura wa 'yar'uwarta bidiyon kamu mai nauyin megabait 200. Nan take lambar yaro ta yi tsalle zuwa 800, ya danna fas, ɗan wasansa bai motsa ba sai da aka ƙwace ƙwallo. Ya fito yana zagin sabis. Sabis bai yi komai ba. Hanyar turawa ta fi ta saukewa ƙunci nesa ba kusa ba, mai samun 40 a saukewa wataƙila 8 yake da shi a turawa. Bidiyon Hajiya ya cika wannan 'yar hanya, na'urar ta jera saƙonni a dogon layi, ɗan ƙaramin saƙon wasa ya zo ya tsaya a bayan buhuna ɗari. Kamar mai babur ne da ya maƙale a bayan tireloli a Kwanar Dawaki, ga shi ɗan siriri amma babu wurin wucewa. Wayoyin da ke ɗora hotuna da kansu zuwa Google Photos da zarar sun ga waifai su ma haka suke yi, ba tare da mai wayar ya sani ba.

Maganin wannan shi ne tsarin da a saiti ake rubuta shi SQM, mai aiki da dabarar jera saƙonni ta CAKE ko fq_codel. Yana hana layi tsawo, yana ba kowace na'ura rabonta, ƙananan saƙonni irin na wasa da kiran murya su wuce ba jira. A ganinmu wannan ne abu na farko da mai gem zai tambaya a shago, gaba da yawan eriya. Ana samun sa a duk rautar da ke ɗaukar manhajar OpenWrt, irin na GL.iNet da ke zuwa a kanta, da MikroTik mai RouterOS 7, da wasu na Asus in an saka musu manhajar Merlin. Kalmar QoS da za ka gani a kwalin masu araha ba lallai ita ce wannan ba, wasu fifita na'ura ɗaya kawai suke yi, layin yana nan da tsawonsa. Saita shi ba wuya. Ka auna gudunka sau uku da dare, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka rubuta kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari nasa. Mai samun 40 da 10 sai ya rubuta 35 da 8.5. Ka sadaukar da ɗan gudu ke nan don layin ya dawo hannun rautarka, ya bar hannun kamfani. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta adadin da kamfani ya yi alƙawari maimakon wanda aka auna, sai tsarin ya zauna bai taɓa komai ba. A faiba yana aiki sumul. A layin waya, da yake gudu na hawa da sauka, dole ka saita shi a kan gudun dare, ka haƙura da ragin da za ka gani da rana.

Akwai gwaji na minti biyu da zai nuna maka inda gizo ke saƙa. Buɗe fast.com ko Speedtest, dukansu suna nuna jinkiri lokacin da layi ke hutawa da lokacin da aka ɗora masa kaya. In na farko 40 ne na biyu 600, layin jira ne matsalarka. Sannan daga kwamfuta ka aika ping zuwa adireshin rautar kanta. Ta kebul bai kamata ya kai milisakan 1 ba, ta waifai ya tsaya ƙasa da 10. In a nan ma yana tsalle zuwa 50 ko 200, to tun kafin a fita gida aka sami matsala, waifai ɗin ne.

Maganar da 'yan gem ba sa son ji ita ce a ja waya. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, ba ruwansa da bango ko waifai ɗin maƙwabta. Sai dai a kula, kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyam ne aka yi masa fentin tagulla, a kwalinsa ana rubuta CCA. Ka kankare silin ɗaya da wuƙa, in ya yi fari a ciki ka ajiye shi, yana karyewa a bakin filogi kuma ba ya jure nisa. Masu PlayStation 4 ta farko su sani zangon waifai na gigahaz 2.4 kaɗai take kamawa, saboda haka sabuwar rauta ba za ta amfana mata komai ba in ba ta kebul ba. Slim da Pro ne suka zo da zangon 5, PlayStation 5 kuma da Wi-Fi 6.

Sai batun NAT, wato haɗa na'urori da yawa a kan adireshin intanet ɗaya, da ke hana wasu shiga wasa da abokansu ko jin muryarsu. In na'urarka ta nuna Type 3 ko Strict, duba adireshin waje da rautar ta samu. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfani ya haɗa ku ne ku da yawa a kan adireshi ɗaya. Haka galibin layukan waya suke, haka ma Starlink ta gida. A wannan hali duk buɗe ƙofofin da za ka yi a rautarka aikin banza ne, ƙofar da ke rufe tana wajen kamfani. Mai faiba yana iya neman a ba shi adireshi nasa shi kaɗai. Wani lokacin kuma mutum ne ke jawo wa kansa, ya jona sabuwar rauta a bayan ta kamfani, kowace na yin nata NAT ɗin. Gyaran shi ne a mayar da ta kamfani gada kawai, abin da ake rubutawa bridge ko passthrough, a bar sabuwar ta riƙe gida. In ka yi akasin haka, ka mayar da sabuwar mai watsa waifai kawai, NAT zai daidaita amma SQM ɗinta ya daina aiki.

Mu zo kan kwali. Lambar nan babba da ke gaba, AC1200 ko AX3000, tara gudun zanguna aka yi wuri ɗaya. AX3000 na nufin 574 a zangon 2.4 da 2,402 a zangon 5, kuma galibin wayoyi ba sa hawa biyun a lokaci guda. Waya mai eriya biyu a ciki tana haɗuwa da Wi-Fi 6 a kan 1,201 galibi, masu araha da yawa eriya ɗaya gare su, 433 suke gani, abin da ke isa hannu kuwa bai fi rabi zuwa kashi biyu cikin uku na hakan ba. Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun baya, a nan gaskiya take. In ka ga 10/100 a gaban ramukan waya, to duk abin da ya shiga ba zai wuce megabit 94 ba, ko da an zana jirgin yaƙi a gaba. Nemi 10/100/1000. Nemi ƙwaƙwalwar aiki ta megabait 256 zuwa sama da injin sarrafawa mai kai biyu ko huɗu, musamman a gidan da wayoyi suka kai 20. Ga gidan Kano na yau, Wi-Fi 6 ajin AX1800 ko AX3000 ya wadatar. Fifikonsa a kan Wi-Fi 5 shi ne iya sallamar na'urori da yawa a tare. Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7, da aka fara ba da shaidarsa a Janairun 2024, suna ƙara zangon 6, wanda wayoyin da ke hannun yawancinmu ba sa gani, kuma ya fi kowane zango tsoron bango. Mai layin megabit 30 da ya sayi Wi-Fi 7 ya yi wa akuya sirdin doki.

Bango shi ne babban abokin gabar waifai a garin nan. Ginin ƙasa mai kauri irin na cikin gari, bulo da aka cika da siminti, rufin kankare mai rodi, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, madubin sif, kowanne na cin rabonsa. Zangon 5 ya fi gudu da tsafta amma da ƙyar yake tsallake bango biyu. Zangon 2.4 yana nisa, sai dai a unguwa mai cunkoso kamar Fagge ko Kurna za ka buɗe waya ka ga sunaye goma sha, duk suna ihu a wuri ɗaya. Tashoshi uku ne kacal a cikinsa ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, a faɗin megahaz 20. Ka zaɓi wadda maƙwabta suka fi bari, ka tura talabijin da na'urar gem zangon 5. Rautar kuma a ɗora ta sama, kamar mita biyu daga ƙasa, a tsakiyar inda ake zama, ba bayan talabijin ba, ba cikin durowa ba don tsoron yara. In gidan mai sassa ne, ga soro ga sashen maigida ga na iyali, rauta ɗaya ba za ta iya ba komai tsadarta. Biyu matsakaita da aka haɗa da waya sun fi ɗaya mai tsada. Tsohuwar da ka ajiye ma za ta yi: kashe DHCP ɗinta, mai raba wa na'urori adireshi, ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, jona waya daga ramin LAN zuwa ramin LAN, sa mata suna da kalmar sirri iri ɗaya. 'Yar na'urar ƙara zango da ake soka wa a soket kuwa, da eriya ɗaya take ji take maimaitawa, don haka tana raba gudu biyu tana ƙara jinkiri. Sanduna za su cika, aiki ba zai yi ba.

Masu kallo nasu da sauƙi. Netflix na neman megabit 5 don hoto mai 1080, da 15 don 4K. Duk rautar kirki za ta ɗauki wannan. Abin da ke kayar da mutane data ce: awa ɗaya tana iya cin gigabait 1 a ƙaramin hoto, 3 a HD, 7 a 4K. Awa biyu kullum a HD gigabait 180 ke nan a wata, a talabijin ɗaya, ga shi tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Tsarin da aka ce ba shi da iyaka ma, ka karanta sharaɗinsa, yawanci akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu. Don haka rauta mai nuna abin da kowace na'ura ta ci, mai barin ka yanka wa kowa iyaka, ta fi amfani a nan. A waya, 480 ko 720 ya isa ido.

Wuta kuma, ai ba sai an faɗa ba. Duk lokacin da aka ɗauke, ko aka juya zuwa janareta, rauta na mutuwa ta ɗauki minti ɗaya zuwa uku kafin ta dawo, wasa ya tafi. Galibinsu bolt 12 suke ci, wat 6 zuwa 15, don haka ɗan ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa ya isa. Lissafinsa: wanda aka rubuta wa 10,000mAh a bolt 3.7 yana ɗauke da wat-awa 37, zai riƙe rauta mai jan wat 10 kamar awa uku bayan an cire asara. Duba bolt da girman bakin filogi kafin ka jona, bolt 12 a rautar bolt 9 ƙonewa ne. Rautar da ke sake kunna kanta in mutane sun hau da yawa, sau tari cajarta ce ta gaji ko aka canza mata mai ƙaramin amfiya, ba ita ce ta lalace ba. Starlink ta gida kuwa wat 50 zuwa 100 take ja gwargwadon samfuri, sai da inbata ko sola. Ga zafi: yawancin rautoci an gina su ne su yi aiki har digiri 40, mu kuwa a Afrilu inuwa ma tana kai hakan, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin. In ta yi zafi tana rage gudu da kanta. Kada a rufa mata kyalle don ƙura, a bar ramukan iska a buɗe, a riƙa busa mata bayan hunturu. Da damina kuma wayar da aka ja ta sararin tsakar gida ita ce hanyar tsawa, a bi da ita cikin bututu a ƙasa, in hadari ya haɗu a zare.

Saura sirri, wanda aka fi sakaci da shi. Kalmar sirri biyu ce a rauta: ta shiga waifai da ta shiga saiti. Ta biyun ce mutane ke bari a admin, alhali duk wanda ya hau waifai ɗinka zai iya shiga ya juya komai. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya ba da wata dabara ba, kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta kawai ta riƙa gwadawa. Canza duka biyun ranar farko, kowace ta kai harafi 12 zuwa sama, ban da lambar waya ko sunan ɗa. Makullin ya zama WPA3, wanda ya fito a 2018, ko WPA2 mai AES in akwai tsofaffin na'urori. WEP ya daɗe da mutuwa. Kashe WPS, hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba: tun 2011 aka gano lambarsa mai 8 ana tantance ta rabi-rabi ne, gwaji 11,000 ya isa a fasa. Kashe damar shiga saiti daga waje. UPnP kuwa na'urar gem na son sa, amma yana barin kowace na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa, in ba ka buga wasa ka rufe shi.

Yawancin satar data ma ba fasawa ake yi ba. Daga Android 10 zuwa sama, duk wayar da ke kan waifai tana iya fito da lambar QR, aboki ya ɗauka da kyamara ya hau. Ka saka wa ɗanka kalmar sirri da hannunka ba ka faɗa masa ba, kafin magariba majalisar ƙofar gida duk ta samu. Ɓoye sunan waifai ba ya hana wannan. Toshe baƙuwar waya da lambarta ta MAC shi ma ya rage tasiri, tunda wayoyin yanzu suna iya canza lambar. Abin da ke aiki shi ne waifai na baƙi: ka buɗe shi daban da tasa kalmar, ka yanka masa megabit 2 ko 3, ka hana shi ganin na'urorin gida, ka riƙa canza kalmar duk wata. Yara da baƙi su hau nan. Kyamarori da talabijin su ma a ware musu nasu, don su ne aka fi barin su ba sabuntawa.

Sabuntawar nan ita ce dalilin da ya sa muke ɗari-ɗari da rautar hannu. Kafin ka biya, nemi lambar samfurin a shafin kamfanin ka ga yaushe aka fitar mata da manhaja ta ƙarshe. In an shekara uku ba a taɓa ta ba, an yi watsi da ita, duk ɓarakar da aka gano daga baya tana nan a buɗe, sai fa in tana ɗaukar OpenWrt. Mun fi son wadda ake saitawa ta burauza a cikin gida a kan wadda ke tilasta maka buɗe asusu a wajen kamfaninta kafin ta yi aiki, ko mai neman kuɗin wata-wata kafin ta ba ka ikon lura da yara. Wannan ikon ana samunsa kyauta: sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na Cloudflare a gurbin DNS, mai nemo adireshin shafuka, zai tace shafukan batsa da na cuta ga duk gidan, 9.9.9.9 na Quad9 kuma na cuta kaɗai yake tarewa. Yaro mai wayo zai iya zagayewa, amma ya rage.

Game da VPN, a daina yi masa kallon laya. Yana ɓoye wa kamfanin layinka sunayen shafukan da kake shiga, ya miƙa wannan sanin ga mai VPN ɗin. Layin da ke cikin rautar da NIN ɗinka aka yi masa rajista, Facebook da TikTok kuma sun san ka tunda da sunanka ka shiga. Na kyauta kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In kana buƙatarsa, nemi rauta mai nau'in VPN na WireGuard, ya fi OpenVPN sauƙi a kan ƙaramin inji, kuma mai barin ka zaɓi na'urorin da za su bi ta ciki. Na'urar gem a bar ta a waje, domin zagayen yakan ƙara mata jinkiri, manhajar banki ma takan ƙi buɗewa in ta ga kamar daga wata ƙasa kake.

Ranar saye, je da layinka da wayarka. A kunna rautar a gabanka, a danna ɗan maɓallin baya na sakan 10 ta koma yadda ta fito, ka shiga saitin da kanka ka tabbata da Turanci yake ba Sinanci kaɗai ba, ka ga SQM da waifai na baƙi da idonka. Lambar da ke ƙasan na'urar ta dace da ta kwali, cajar kuma ta zama tata ta asali. Ka karɓi rasit, ku yi magana da mai shago a kan kwana biyu ko uku na gwaji, domin shago ba shi da bangon gidanku. In kuma bayan duk wannan an tabbatar layin ne ke da matsala, ka kai ƙorafi ga kamfanin ka riƙe lambar ƙorafin, in ba su gyara ba ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Mun gode da wannan fili, Edita. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu sana'ar haɗa intanet,
Kano.